Wata Bakwai a Kan Ƙanƙara: Yadda Na Ga Matan Finland Suna Ƙwallon Gora

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2022 na sauka Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, domin wani ɗan karatu na wata bakwai da aka tura ni in yi. Kafin in bar gida abin da na sani game da ƙasar bai wuce biyu ba, watau wayar Nokia da muka daɗe muna riƙewa, da kuma labarin cewa akwai sanyi. To, sanyi kam na same shi yadda aka faɗa har da gyara. Amma labarin da na ɗauro wa masu karatu yau na wani wasa ne da mata suke yi a kan ƙanƙara, wanda na faɗa cikin kallonsa ba da shiri ba, na kuwa bi shi tun daga farkon kaka har ranar da aka ɗaga kofi.

Wata dattijuwa ce ta ba ni hayar ɗaki a gidanta, can arewacin birnin. Tana da jika, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wadda takan biyo ta gidan da yamma tana jan wata ƙatuwar jaka da ta kusa kai ta tsawo, ga kuma wata sanda mai lanƙwasa a kafaɗa. Da fari na zaci balaguro za ta yi. Da na ga kullum balaguron ba ya ƙarewa sai na tambaya, aka ce kayan wasa ne, kuma idan ina so ranar Asabar in bi su in ga yadda manyan mata suke yi. Baƙo ba ya ƙin gayyatar mai masauki. Na ɗauki rigunan sanyina duka na jibga, muka shiga bas zuwa wata unguwa da ake kira Pirkkola, inda ƙungiyar mata ta HIFK take karɓar baƙinta.

Bari in kwatanta wasan tukuna, domin na san yawancin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba sai ko a talabijin. Ɗan'uwan ƙwallon gora ne wanda ake yi a wasu makarantunmu, amma a cikin zaure ake yinsa, a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon kamar mita 60, faɗinsa kuwa kusan rabin haka. An kewaye daɓen da katanga wadda ta kai ƙugu, aka ɗora gilashi mai kauri a kanta don kare 'yan kallo. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifai ne na roba mai tauri, bai fi tafin hannu ba, nauyinsa kamar giram 160, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Kowace 'yar wasa tana sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi take sulu a kan ƙanƙara, gaba da baya, ta juya, ta tsaya cak har garin ƙanƙara ya tashi. Ga hular kwano da ragar ƙarfe a fuska, ga matasai a kafaɗa da gwiwa da ƙwauri. Mai tsaron gida kuwa, in ka gan ta cikin kayanta, sai ka tuna da dokin lifidi ranar hawan salla.

Mutum shida ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Ana yin zango uku, kowane minti 20, amma agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa usur, saboda haka wasa ɗaya yakan ci sa'a biyu ko fiye. Abin da ya fi ɗaure mini kai ran farko shi ne canji. Ina cikin bin wata mai lamba kaza da ido, sai in neme ta in rasa, wata ce a wurinta, alhali kuwa alƙalin wasa bai tsai da kome ba. Ashe saboda tsananin gudu ba mai iya wuce kamar minti ɗaya a fili, sai ta zo ta faɗa benci tana haki wata ta dira, wasa yana ta tafiya. Wadda ta yi laifi, kamar ta sa wa wata sanda a ƙafa, ba kati ake ba ta ba. Wani ɗan akurki ake kai ta ta zauna minti biyu, 'yan'uwanta su yi ta fama da mutum huɗu a gaban biyar. A cikin minti biyun nan ne ake yawan cin gida, shi ya sa za ka ga mai laifin ta ƙura wa agogo ido kamar mai jiran shan ruwa. A wasan maza an yarda mutum ya bangaje abokin karawarsa da kafaɗa ya haɗa shi da katanga. A na mata an hana wannan tun bayan gasar duniya ta farko da aka yi a Ottawa ta ƙasar Kanada a 1990, ko da yake maƙwabtansu na Suwidin sun fara halatta shi a gasarsu ta mata a wannan kaka da nake magana.

Duk wannan na fahimce shi ne a hankali. Abin da na gani nan take, tun ban san dokar kome ba, shi ne 'yan kallo ba su da yawa. Na rantse ɗaurin auren ɗan mai unguwa a garinmu ya fi tara jama'a. Yawancinsu kuwa dangi ne: iyaye, kakanni, ƙanne, da 'yan mata ƙanana sanye da jar rigar ƙungiya. Wanda ya karɓi kuɗin ƙofa uban wata 'yar wasa ne. Matan da suke sayar da kofi da burodi mai zaƙi a lokacin hutu iyaye ne. Finawa suna da kalma ta wannan, talkoot, da aka fassara mini ita kuwa sai na yi dariya, domin aikin gayya ne sak, irin wanda muke yi a gona ko wajen yaɓen ɗaki. A kan gayya wannan gasa take tsaye, ga ta kuwa ita ce gasa mafi girma ta mata a ƙasar da ƙwallon gorar ƙanƙara ya fi kowane wasa farin jini.

An fara gasar a kakar 1982 zuwa 1983, ƙungiyar HJK ta Helsinki ce ta ci kofin farko da na biyu. A 2017 aka sa mata suna Naisten Liiga, watau gasar mata, da wannan suna na same ta. Tun 2024 kuma ana kiranta Auroraliiga. Ga wasu daga cikin ƙungiyoyin kakar da na kalla. Akwai HIFK ta Helsinki da Kiekko-Espoo ta birnin Espoo da yake manne da shi, akwai TPS ta Turku a bakin teku, da HPK ta Hämeenlinna, da Ilves ta Tampere, da KalPa ta Kuopio a yankin tafkuna, da Kärpät ta Oulu, da RoKi ta Rovaniemi can ƙuryar arewa, sa'an nan da wata ta ƙauyen Kuortane wadda zan zo kanta. Ana farawa cikin Satumba, a yi ta zagaye gida da waje har Fabrairu. Wadda ta ci wasa cikin lokaci tana da maki uku. Idan sai da aka yi ƙarin lokaci ko bugun raba gardama, mai nasara ta ɗauki biyu, wadda aka ci ta tsira da ɗaya. Daga nan sai takwas na sama su shiga sili-ɗaya-ƙwale, a gama cikin Maris.

Wanda ya dubi watannin nan ya san ƙasar, zai gane cewa kakar wasan ta yi daidai da shigar duhu da fitarsa. Sanda aka fara, dare da rana kusan ɗaya suke, kamar a gida. Kafin Nuwamba rana ta fara rowa. Zuwa ƙarshen Disamba, a Helsinki sai bayan ƙarfe tara na safe take leƙowa, ƙarfe uku da 'yan mintoci kuma ta faɗi, ba ta ko yi sa'a shida ba, ita ma ɗin a bayan gajimare. Ni da na saba da rana tana dukan ƙeya sai na ji jikina ya mutu, barci ba ya isata, abinci ba ya daɗi. A cikin wannan hali ne nake ganin jikar mai gidana tana jan jakarta zuwa tashar bas da ƙarfe biyar na yamma, gari ya yi baƙi ƙirin kamar tsakar dare, dusar ƙanƙara tana zuba mata a hula. Ni kuwa a makon nan ne santsi ya kwashe ni a bakin wani kanti na zauna daɓas, na yi kwana uku ina ɗingishi. Yarinyar ta yi ƙoƙari ƙwarai ba ta yi dariya a gabana ba.

Manyan 'yan wasan ma haka rayuwarsu take, nan ne kuwa gizo yake saƙa. Ban da 'yan kaɗan, ba mai cin abinci da wannan wasa. Ɗalibai ne da ma'aikata: wata tana jami'a, wata tana sakandare, wata tana aikin asibiti ko ofis ko kanti. Ta tashi cikin duhu ta tafi aiki, ta taso cikin duhu ta wuce wajen horo, sau da yawa kuma sai lokacin da ya rage bayan an raba wa ƙungiyoyin maza da na yara, domin zauren ƙanƙara ɗaya jama'a da dama ne suke layi a kansa. Ranar Asabar da Lahadi ta shiga bas ta yi tafiyar da direban tirela zai jinjina mata, ta dawo tsakar dare, Litinin da safe tana bakin aiki. Kayan wasan ga tsada, sanda kuwa tana karyewa kamar rake.

Na yi ta juya wannan abu a raina, domin ba ƙasar da za a ce an danne mata ba ce. Tun 1906 matan Finland suka sami ikon jefa ƙuri'a da tsayawa takara, kafin na kowace ƙasa a Turai, a zaɓen 1907 kuwa mata 19 suka shiga majalisa, tun ƙasar tana ƙarƙashin Rasha, shekara goma kafin ta sami mulkin kai. Tarja Halonen ta yi shugabar ƙasa daga 2000 zuwa 2012. A lokacin da nake can ma mace ce firayim minista, Sanna Marin. Amma da aka zo kan kuɗin wasa sai lissafi ya sake. Masu talla suna bin inda jama'a take, jama'a tana bin inda talabijin yake, talabijin kuma yana bin inda masu talla suke, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. A ganina wannan uzuri ne mai rauni ga ƙasa mai arziki irin wannan, amma ni baƙo ne, idona ne kawai ya yi aiki.

Inda bambancin ya fito mini fili shi ne Tampere, tafiyar ƙasa da sa'a biyu a jirgin ƙasa daga Helsinki. Birni ne na masaƙu da masana'antu a da, yana zaune tsakanin tafkuna biyu, ruwa yana gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya ta tsakiyar gari. Shi ne gidan wannan wasa a ƙasar, domin a nan aka gina zauren ƙanƙara na farko mai rufi, Hakametsä, a 1965, a nan kuma gidan tarihin wasan yake. Kana fitowa daga tasha za ka ga wani makeken gini da aka ɗora a kan layin dogo, Nokia Arena, wanda aka buɗe a Disamba 2021, yana cin mutum fiye da 13,000. A cikinsa ne mazan Finland suka ci Kanada suka ɗauki kofin duniya a watan Mayu na 2022, wata uku bayan sun ci zinariya a wasannin Olamfik na Beijing. Na tsaya na kalli ginin har wuyana ya gaji. Sa'an nan na tambayi inda matan Ilves suke wasa, aka sa ni a mota zuwa Tesoma, wata unguwa a yammacin gari, wani madaidaicin zaure a tsakanin gidajen haya da itatuwa. Matan nan fa sau goma suna cin kofin ƙasa, takwas daga ciki tsakanin 1985 da 1993. Sunan ƙungiyar, Ilves, na wani muzurun daji ne mai tsinin kunne, kamar yadda Kärpät ta Oulu ta ɗauki sunan wata 'yar dabba mai kama da tunku wadda gashinta yake komawa fari fat da hunturu.

Ƙungiyar Kuortane ban je garinsu ba, su ne suka zo Helsinki na gan su. Da suka cire hulunan kwano bayan wasa sai na ga ashe yara ne, yawancinsu ba su kai ashirin ba. Kuortane ƙaramin wuri ne a yammacin ƙasar, mutanensa ba su kai dubu huɗu ba, amma akwai babbar cibiyar horar da 'yan wasa da makarantar sakandare a gefenta. Nan ake tara 'yan mata masu hazaƙa daga ko'ina, su yi karatu da safe su yi horo da rana, a kuma jefa su cikin gasar manya su kara da matan da suka haife su. Da sun gama makaranta sai su watse cikin sauran ƙungiyoyi, a ɗebo sababbi. Ƙungiya ce da aka gina ta don ta riƙa rasa 'yan wasanta.

Cikin Janairu na 2023 na ce sai na ga ƙarshen hanyar da matan nan suke bi, na sayi tikitin jirgin dare zuwa Rovaniemi. Nisan ya haura kilomita 800, ya fi daga Ikko zuwa Abuja, jirgin kuwa yakan yi kamar sa'a goma sha biyu. Na kwanta a ɗan gadona ina leƙen taga, ba abin da nake gani sai itatuwa masu tsini sun sha farin rawani, da tashoshi masu fitila ɗaya ba kowa a kansu. Mutanen ƙasar duka ba su kai miliyan shida ba, Kano kaɗai ta ninka su, ga ƙasa kuwa shimfiɗe har kilomita murabba'i 338,000, kusan duk daji da ruwa. Da asuba muka tsaya Oulu, inda teku kansa yake daskarewa har mutane su taka shi, inda kuma yara suke zuwa makaranta a kan keke cikin dusar ƙanƙara ba abin da ya dame su. Muka ci gaba. Agogo ya ce hantsi ya yi, sama ta ce dare ne.

Rovaniemi tana mahaɗar koguna biyu, Kemijoki da Ounasjoki, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da layin da masana suka shata, wanda daga shi zuwa arewa akwai ranar da rana ba ta fitowa sam da hunturu, da ranar da ba ta faɗuwa da bazara. Kusan ba tsohon gini a garin, domin sojojin Jamus sun ƙone shi kusan ƙurmus sa'ad da suke janyewa a Oktoba 1944, aka sake zana shi bisa tsarin shahararren mai zanen gine-ginen nan Alvar Aalto. Yau masu yawon buɗe ido ne suka cika shi, suna hawan keken da barewar ƙanƙara take ja. Ranar da na isa ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri da digiri ashirin da wani abu. Gashin hancina ya daskare, numfashi ya zama aiki. Da na shiga zauren wasa, wanda aka gina musamman don ya riƙe ƙanƙara, sai na ji ɗumi.

A lokacin RoKi ba ta cikin manya. Ba ta daɗe da hawowa gasar ba, a ƙasan jeri take fama, kuma duk wasan waje a wurinta balaguro ne, mafi kusa shi ne Oulu mai nisan fiye da kilomita 200. Na zauna ina kallonsu ina lissafin sa'o'in da suka kwashe a bas tun Satumba don su je kudu a ci su su dawo. Ban ga alamar sun karaya ba. Mai tsaron gidansu ta sha ruwan faifai a ranar, ta tare da hannu, ta tare da ƙafa, ta tare da ƙirji, duk wanda ya wuce ta kuwa sai ta juya ta kurɓi ruwa daga gorar da take ajiyewa a kan raga, ta gyara tsayuwa. Finawa suna kiran wannan hali sisu, suna kuma alfahari da shi ƙwarai. Mu da mun ce taurin rai, ko cije wa wuya.

A daren nan ne na ga hasken da ake ba da labari. Na fito bakin kogi, sai ga wani koren haske ya ratsa samaniya yana kaɗawa kamar an shanya mayafi iska tana wasa da shi. Finawa suna ce masa revontulet, watau wutar yanyawa, wai a tatsuniyarsu yanyawa ce take gudu a kan tuddai wutsiyarta tana tayar da tartsatsi. Turawan kimiyya suna ce masa Aurora Borealis, kuma sunan kofin da matan nan suke nema ke nan. Kyauta ce daga Kanada: jakadan ƙasar a Helsinki ne ya kawo shawara, jikokin Finawan da suka yi ƙaura can suka taimaka da tara kuɗi, aka fara miƙa shi a 2011, HPK ta ɗauka. Ban daɗe a waje ba, yatsuna suka ce ko in koma ɗaki ko su bar ni.

Mai karatu zai ce, to, wasan da ba kuɗi ba 'yan kallo, ina amfaninsa? Amsar tana wajen ƙungiyar ƙasa. Daga waɗannan ƙananan zaurukan aka fitar da matan da suka ci tagulla a Olamfik sau huɗu, a 1998 da 2010 da 2018 da 2022, a wasan da Amurka da Kanada suka mai da shi gadon gidansu. Ba kuwa wanda za ka yi hira da shi a kan wannan bai kawo maka zancen Afrilu na 2019 ba. A Espoo aka yi gasar duniya a shekarar, matan Finland suka fitar da Kanada da ci 4 da 2, abin da ba su taɓa yi ba a irin wannan mataki, suka haɗu da Amurka a wasan ƙarshe. Aka tashi 1 da 1, aka shiga ƙarin lokaci inda duk wanda ya ci ya gama. Petra Nieminen ta jefa faifai a raga. 'Yan wasa suka watsar da sanduna da safar hannu, suka rungume juna, zaure ya ɗauka. Sai aka ce a dakata, ana duba hoton bidiyo. Aka yi fiye da minti goma ana dubawa, daga ƙarshe aka soke cin, wai kyaftin Jenni Hiirikoski ta yi karo da mai tsaron gidan Amurka kafin faifan ya shiga. Matan suka sunkuya suka tsince sandunansu ɗaya ɗaya, aka ci gaba, Amurka ta yi nasara a bugun raba gardama. Mai gidana tana wurin a daren. Shekara kusan huɗu bayan haka, da take ba ni labari, sai da ta ajiye kofin shayinta don hannunta yana rawa.

A cikin waɗanda suka tsinci sanda a daren akwai Riikka Sallinen, tana da shekara 45. Ita ce ta fi kowa maki a Olamfik na Nagano a 1998, ta bar wasa a 2003 ta yi aure ta yi 'ya'ya, ta dawo bayan shekara goma kamar ba ta tafi ba. Ina Helsinki a Nuwamba 2022 aka shigar da ita zauren girmamawa na wasan da ke Toronto, mace ta farko daga Turai da ta sami haka.

Amma fa akwai ɓaraka. Hiirikoski da Nieminen da wasu manyan ƙungiyar ƙasa ba a gida suke wasa ba a kakar da na kalla. Suna Luleå ta Suwidin, inda ake biya. Gasar gida ta zama kamar gonar da ake yafa iri, da ya yi kyau sai maƙwabci ya zo ya cire dashe.

Zuwa Maris rana ta dawo, ƙanƙarar kan rufi ta fara ɗiga da tsakar rana, aka zo wasan ƙarshe tsakanin HIFK da Kiekko-Espoo. Tsakanin zaurukansu bai fi tafiyar rabin sa'a ba, amma tsakanin tarihinsu akwai nisa. Matan Espoo, da sunayen da ƙungiyar ta riƙa sakewa, sun ci kofi sau 16, har da bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, kuma su ne masu riƙe da shi. HIFK kuwa, ko da yake uwar ƙungiyar tsohuwa ce tun 1897, wadda Finawa masu magana da harshen Suwidin suka kafa, sashenta na mata sai a 2019 ya hawo gasar. Suka zo na uku a 2021, suka zo na biyu a 2022, Espoo ɗin nan ce kuwa ta hana su. Birnin Helsinki kansa rabonsa da kofin mata tun 1984.

Mai horar da su, Saara Niemi, tsohuwar 'yar wasan ƙasa ce. Kyaftin ɗinsu, Karoliina Rantamäki, ta girme ta da shekara takwas, tare suka ci tagulla a Vancouver a 2010. Ta yi shekara goma sha biyu tana wasa a Rasha ta dawo gida, a lokacin wasan ƙarshen nan tana da 45. A gefenta akwai Sanni Vanhanen, wadda aka haifa a 2005, shekara bakwai bayan Rantamäki ta rataya lambar Olamfik ta farko. Ga kuma Michaela Pejzlová, baƙuwa daga ƙasar Cek, wadda ta fi kowa maki a kakar, mai ba da faifai kamar tana da ido a ƙeya. Ƙa'ida ita ce wadda ta fara cin wasa uku ta ɗauki kofi. A karo na farko tun zuwana na ga layi a ƙofa, na ga mutanen da ba dangin kowa ba ne sun zo da ganguna da jajayen gyale. HIFK ta ci. Safar hannu da sanduna suka sake tashi sama, wannan karon ba wanda ya ce a tsince su. Finawa mutane ne masu shiru, za ka yi tafiyar sa'a guda a bas ba ka ji tari ba, amma a ranar wani dattijo da ban sani ba ya kama kafaɗuna yana jijjigawa yana faɗin abin da ban ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan na dawo gida na ci gaba da bin labarinsu ta intanet. HIFK ta sake ɗaukar kofin a 2024, sa'an nan Pejzlová da Julia Liikala, biyu daga cikin masu ci mata, suka koma Suwizalan, a 2025 kuwa kofi ya koma Espoo. A Janairu 2024 an buɗe sabuwar gasa ta mata a Amurka da Kanada mai biyan cikakken albashi, Susanna Tapani ta Finland tana cikin waɗanda suka fara ta, saboda haka masu cire dashe sun ƙaru.

Ranar da zan taso, cikin Afrilu, dusar ƙanƙara ta koma taɓo a gefen titi, tsakuwar da aka barbaɗa don santsi duk ta fito fili. Jikar mai gidana ta zo yi mini sallama, ta kawo mini tsaraba, wani tsohon faifai da ya sha duka har gefensa ya ɓantare. Na tambaye ta inda take so ta yi wasa in ta girma. Ta ce HIFK. Ta ɗan yi shiru, ta saci kallon kakarta, sa'an nan ta ce ko kuma Kanada. Faifan yana nan kan teburina a gida, na danne takardu da shi saboda iskar fanka.